Mai Raina Gajere Bai Taka Kunama Ba: Raddi Ga Masu Cewa Wasan Haɗin Kai Wasan Yara Ne

Akwai wata cuta da ta daɗe tana damun wasu masu ilimin boko, wato auna darajar abu da yawan wahalarsa. A wurinsu littafin da ya fi kauri shi ne ya fi ilimi, jawabin da jama'a suka tashi ba su gane ba shi ne mai zurfi, abin da kuwa aka fahimta cikin sauƙi lalle akwai algus a cikinsa. Da cutar ta tsaya a ɗakin taro da mun yi shiru. To amma ta biyo su har kan tabarmar wasa, wurin da mutum ke zuwa don ya sauke girman kai, shi ya sa na ga ya zama dole in ɗauki alƙalami.

Dalilin rubutun nan wani aminina ne, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, mutum mai kaifin basira da son wasannin tebur na zamani, irin waɗanda ake kwashe rabin yini ana karanta dokokinsu kafin a taɓa su. Wata rana a hutun damina ya tarar da mu a tsakar gida a Maradi, ni da yara, mun sunkuya a kan wani ɗan wasa da wani ɗan'uwa ya kawo mana tsaraba daga Faransa. Ya ɗauki takardar dokoki ya juya ta sau biyu, ya ajiye, ya ce: "Malam, wannan ai wasan yara ne. Doka ba yawa, ba wanda ya ci wani, kuma mutum ɗaya mai kai ya isa ya buga wa kowa." Tuhuma uku ke nan a numfashi ɗaya. Na ji irinsu daga bakin wasu bayansa, don haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, sauƙin doka daban, sauƙin wasa daban, kuma wanda ya ƙaga wannan wasa da gangan ya ɗauke nauyi daga takarda ya ɗora shi a kan mutanen da ke zaune.

Bari in fara gabatar da wanda ake tuhuma. Sunan wasan Forbidden Island, masu jin Faransanci sun san shi da L'Île interdite, mu kuwa a gida Haramtaccen Tsibiri muke ce masa. Wani Ba'amurke mai suna Matt Leacock ne ya ƙaga shi, kamfanin Gamewright ya fito da shi a shekarar 2010 cikin ɗan akwatin gwangwani. Mutum 2 zuwa 4 ke buga shi, an rubuta a jikinsa cewa na ƴan shekara 10 ne zuwa sama, kuma wajen minti 30 ake yi a gama. Ana shimfiɗa ƙananan kwalaye 24 masu kusurwa huɗu a jere shida, 2 da 4 da 6 da 6 da 4 da 2, bayan an cakuɗa su, saboda haka tsibirin yau ba ya kama da na jiya. Kowane kwali fili ne mai suna da hoto, yana da fuska biyu: mai launi, wato busasshen wuri, da shuɗiya, wato ruwa ya malale shi. A cikin tsibirin akwai taskoki huɗu, ta ƙasa da ta iska da ta wuta da ta teku, kuma kowace taska tana da filaye biyu kacal da ake iya ɗaukarta. Burin masu wasa su kwashe taskokin nan huɗu, su taru gaba ɗaya a filin saukar jirgi, wanda aka laƙaba wa suna Masaukin Wawaye, su buga katin jirgi mai saukar ungulu, su tsere kafin tsibirin ya nutse da su.

Idan wasa ya zo hannun mutum yana da ayyuka uku, ya zaɓa daga cikin iri huɗu: ya taka zuwa filin da ke maƙwabtaka da nasa, ko ya kwashe ruwa daga filin da ya malale a ƙarƙashinsa ko a gefensa, ko ya miƙa kati ga wanda suke tsaye fili ɗaya, ko ya ɗauki taska in ya tara katunanta huɗu yana kan filinta. Daga nan ya jawo katunan taska biyu, sannan ya buɗe katunan ambaliya gwargwadon lambar da ma'aunin ruwa ya nuna. Duk filin da katinsa ya fito karo na farko sai a kife shi, ruwa ya hau. In ya sake fitowa ba a kwashe ruwan ba, filin ya nutse har abada, a cire shi daga tabarma tare da katinsa. Kusan iyakar dokar ke nan. Yaron da ya iya ludo zai riƙe ta kafin shayi ya tafasa.

To, tuhuma ta farko: doka ba yawa, don haka babu zurfi. Abin mamaki ne wannan magana ta fito daga bakin wanda ya girma yana ganin dattawa a gindin bedi suna dara. Mene ne dokar dara? Ramuka 30 a cikin rairayi, kowa da ƴaƴa 12, a zuba su bi da bi, sannan a riƙa matsa su gida ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Ba ta kai layi goma ba in an rubuta. Amma je ka zauna gaban tsohon da ya shekara talatin yana yin ta, ka ce masa wasan yara ne, ka gani ko za ka tashi da ɗa uku. Zurfin wasa yana cikin yawan hanyoyin da doka kaɗan ke haifarwa da kuma tsadar kuskure. Masu sha'awar wasannin tebur suna da wani ma'auni na nauyi daga 1 zuwa 5, kuma Haramtaccen Tsibiri bai kai 2 ba a kansa. Ba na musun wannan lamba, domin gaskiya ce game da wahalar koyo. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a matsayin hukunci a kan abin da ke faruwa bayan an koya.

Tunda aminina malamin lissafi ne, bari mu yi masa lissafi. Tarin katunan taska guda 28 ne: biyar-biyar na taskoki huɗu, wato 20, da katin jirgi 3, da katin buhun rairayi 2, da wasu katuna 3 waɗanda su ne kunamar wasan, masu cewa ruwa ya ƙaru. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya fito, abu biyu ke faruwa. Ma'aunin ruwa ya hau mataki ɗaya. Sannan a tattara dukan katunan ambaliya da aka riga aka buɗe aka zubar a juji, a cakuɗa su, a mayar da su a saman tari. Mai karatu ya lura da kyau, a sama ake mayar da su. Ma'anar haka ita ce filayen da ruwa ya riga ya taɓa su ne za su sake fitowa nan take, kuma wanda aka yi sakaci aka bari a kife ya tafi ke nan. Bala'i a wannan wasa yana komawa inda ya taɓa sauka.

Wannan doka guda ita ce ta mai da caca lissafi. Tun kafin a fara ana buɗe katunan ambaliya 6, filaye shida su malale. In mutum huɗu ne, an raba wa kowa kati biyu, saura 20 a tari, kuma katunan ƙaruwar ruwa uku duk suna cikinsu. Yiwuwar mai wasa na farko ya jawo aƙalla ɗaya a cikin katunansa biyu ta haura ɗaya cikin huɗu. Idan a mataki na biyu aka fara, wanda shi ne na yau da kullum, wannan hawa ɗaya zai kai ma'auni ga lamba 3, ke nan uku daga cikin filayen nan shida za su fito a take, kowannensu yana da rabin damar a kira sunansa. Idan kuwa Masaukin Wawaye na cikinsu, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin huɗu, ana iya rasa wasan tun mutum na biyu bai taɓa ɗansa ba. Saboda haka takun farko ma yana da tambaya: a cikin shidan nan, wanne ne ba za mu iya rayuwa babu shi ba, wanne kuma za mu sallama wa teku? Haka nan filin da ke kife amma katinsa na kwance a juji ba zai nutse ba sai an sake cakuɗawa, don haka mai lura yana iya barinsa ya tafi wani aiki. Bayan an mayar da katuna takwas sama, aka buɗe shida, wanda ya riƙe su a ka ya san biyun da suka saura da sunayensu. Ga shi kuma duk filin da ya nutse katinsa ya fita, tarin ambaliya na ƙara ƙanƙancewa, sauran filaye na ƙara yawan fitowa. Shin wannan bai isa aikin kai ba?

Akwai kuma matsi na biyu, na hannu. Ba a yarda mutum ya riƙe kati fiye da 5 ba, taska na bukatar 4 iri ɗaya a hannun mutum ɗaya, kuma kowane iri 5 ne kawai a duk tarin. Wanda ya tara uku na wuta ya jawo biyu na iska, hannunsa ya cika; juyi na gaba dole ya zubar. In aka zubar da biyu na taska ɗaya, an rufe ƙofarta sai tari ya ƙare an sake cakuɗa juji, kafin nan kuwa ruwa ya ƙaru sau uku. Sannan kati bayarwa ake yi, ba a karɓewa: sai mai shi ya kashe aiki ɗaya daga cikin ukunsa, a lokacinsa, yana tsaye fili ɗaya da mai bukata. Don haka kafin kati ɗaya ya canza hannu sai mutum biyu sun daidaita tafiyarsu a juyi biyu, a kan ƙasar da ba tabbas za ta kai gobe.

Leacock ya san abin da yake yi. Shekara biyu kafin wannan, a 2008, ya fitar da Pandemic, wasan da ake yaƙar cututtuka huɗu a birane 48 na duniya, har da Legas da Kinshasa da Hartum, wanda ya samo tunaninsa daga annobar SARS ta 2002 zuwa 2004. A can ne ya fara amfani da dabarar nan ta mayar da juji saman tari. A Pandemic ayyuka huɗu ne, hannu na ɗaukar kati 7, magani na bukatar 5, ga dokokin yaɗuwar cuta daga birni zuwa birni. Da ya zo yin Haramtaccen Tsibiri sai ya sheƙe duk wannan kamar mai sheƙar gero, ya zubar da ƙaiƙayi ya bar tsaba. Ragewa irin wannan ta fi ƙari wuya, duk wanda ya taɓa taƙaita dogon rubutu ya sani. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Masu ba da kyautar Spiel des Jahres ta ƙasar Jamus, wadda ake bayarwa tun 1979 kuma ta fi kowace kyautar wasa suna a duniya, sun sa shi cikin ukun ƙarshe a 2011, shekarar da Qwirkle ya lashe.

Lissafi kaɗai ba ya faɗin yadda wasan yake a jiki, kuma a nan ne masu hukunci daga takarda suka fi yin asara. Minti goma na farko raha ake yi. Tsibiri na da faɗi, ma'auni na kan lamba 2, yara na gardamar wane ne zai zama matuƙin jirgi. Daga nan kati na farko na ƙaruwar ruwa ya fito, a cire fili ɗaya daga gefe, a ga tabarma ta leƙo ta inda dā akwai ƙasa. Ba wanda ya damu sosai. Amma ramin na biyu yakan faɗo a tsakiya, hanyar da ake bi da taku biyu ta koma taku huɗu. Sannu a hankali murya na raguwa, kawuna na matsowa, wanda ke kishingiɗe ya tashi zaune. Idan ma'auni ya kai 4, filaye huɗu ke fitowa bayan kowane juyi alhali ayyukan mutum uku ne, ke nan ko da kowa ya bar neman taska ya koma kwasar ruwa, teku ta fi hannu sauri. Daga lokacin ba a ƙara maganar ceton tsibiri, sai maganar abin da za a bari ya tafi da kuma wanda za a riƙe na juyi ɗaya tak. Na sha ganin hannun yaro na rawa a kan tarin ambaliya, ya rufe ido kafin ya juya kati. Wasannin da aminina ke yabo suna gina wannan fargaba cikin awa uku, wannan kuwa cikin rabin awa, kuma abin tsoron ana ganinsa da ido, domin ƙasar da kake tsaye a kanta ce ke raguwa.

Tuhuma ta biyu: ba wanda ya ci wani, don haka ba wasa ba ne. Wannan magana ta ɗauka cewa abokin gaba dole ya kasance mai numfashi. Masunci da kogi fa? Manomi da fari? A Haramtaccen Tsibiri hanyar nasara ɗaya ce, hanyoyin faɗuwa huɗu: filaye biyu na wata taska su nutse ba a ɗauke ta ba, ko Masaukin Wawaye ya nutse, ko fili ya nutse da mutum babu maƙwabcin fili da zai yi iyo ya kama, ko ma'aunin ruwa ya kai hoton ƙoƙon kai da ke ƙarshensa. Ko ɗaya ta faru, kowa ya faɗi, har wanda ke riƙe da taska uku. Wanda kuma yake ganin abin ya yi masa sauƙi, matakan farawa huɗu ne. Ya ɗora ma'auni a na huɗu, inda katin ƙaruwar ruwa shida kacal ya raba shi da ƙoƙon kai, wato zagaye biyu na tari, ya dawo ya ba mu labari. Abin da aka cire daga wasan shi ne daɗin ganin ɗan'uwanka ya sunkuyar da kai. In wannan daɗi shi ne ma'anar wasa a wurin mutum, to ya faɗa a fili, mu san da wa muke zaune. Akwai ma wata riba ta gefe da iyaye za su gane: wasan da ba mai cin wani ba ya karɓar kuɗin caca, domin babu aljihun da za a kwasa a zuba a wani.

Tuhuma ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwana ba. Gaskiya ne, katunan kowa a buɗe suke a gabansa, babu sirri, don haka mutum ɗaya mai saurin lissafi da ƙarfin murya yana iya ƙwace wasan, sauran su zama masu matsa masa ƴaƴa. Duk inda ake buga wasannin haɗin kai an san wannan matsala. Aminina da kansa ya nuna mana ita a ranar, don ya zauna ya ce zai gwada. Kafin a yi juyi uku ya zama sarki: ke je can, kai kwashe wannan, kar ka ba ta, ba ni. Muka ci wasan kuwa, da tazara. Ya dube ni ya ce: "Ka gani ko?" Ba wanda ya yi murna. Ƴata mai shekara goma sha ɗaya ta tura ɗanta gabansa ta ce: "Baba, in ku ne za ku riƙa taka mini, me ya sa aka ba ni ƙafa?"

Abin da aminina ya tabbatar shi ne mutum ɗaya na iya warware lissafin. Ban taɓa musun haka ba. Mutum ɗaya ma na iya cinye tuwon da aka tuƙa don mutum huɗu, wannan bai nuna tuwon na mutum ɗaya ba ne. Wasan ya raba iko da gangan, ta hanyar ayyuka shida da ake rabawa da ƙuri'a. Injiniya na kwashe ruwan fili biyu da aiki ɗaya. Matuƙin jirgi na tashi zuwa kowane fili sau ɗaya a juyinsa. Ɗan nutso na ratsa filayen da suka malale ko suka nutse. Mai bincike na tafiya da kwasar ruwa ta kusurwa. Ɗan aike na miƙa kati ga kowa ko ina yake. Jagora kuwa na matsa wani har taku biyu. Ka lura, a cikin shidan nan mutum ɗaya ne doka ta ba izinin taɓa ɗan wani, shi ma sai ya biya da aikinsa. Wanda ya naɗa kansa jagoran kowa kyauta ya karya ruhin dokar, ko da bai karya harafinta ba. Aikin da wasan ya ɗora wa gwani shi ne wanda gwanaye suka fi ƙi: ya ga hanya mafi kyau, ya faɗe ta sau ɗaya, ya saurari wadda ta saɓa mata, sannan ya bar mai juyi ya yanke. Ba a rubuta wannan a takardar dokoki ba, amma shi ne mafi wuyar abin da ke cikin gwangwanin. Aminina ya ci teku a ranar, wannan ɓangare kuwa ya faɗi warwas, sai ya kira faɗuwarsa sauƙin wasa.

Wasu masu ƙaga wasa sun ɗauki matsalar da muhimmanci har suka toshe ta da doka. Bafaranshe Antoine Bauza ya fitar da Hanabi a 2010, wasan katuna 50 inda kowa ke riƙe katunansa fuskarsu na kallon waje, yana ganin na kowa ban da nasa, kuma ba a magana sai ƴan alamu ƙididdigaggu. A nan babu mai iya zama sarki, don ko sarkin bai san abin da ke hannunsa ba. Hanabi ya lashe Spiel des Jahres a 2013. Dokarsa ita ma ba ta da yawa, ga abin da ya kamata masu raina sauƙi su yi tunani a kansa: kwamfuta ta doke Garry Kasparov a ces, darar Turawa mai sarki da dawakai, tun 1997, ta doke Lee Sedol a wasan Go a 2016, amma a 2019 masu bincike na DeepMind da Google Brain suka gabatar da wannan ɗan wasan katuna a matsayin sabon ƙalubale ga na'ura. Dalilinsu shi ne yana bukatar ka karanta nufin abokin zamanka, ka san me ya sani da me yake zaton ka sani. Ashe doke mutum ya fi sauƙin koya wa na'ura a kan aiki tare da shi. Masu ba da kyauta ma sun nuna inda suka karkata, domin wasannin haɗin kai masu sauƙin doka sun sake lashe kyautar nan ta Jamus, Just One a 2019, Dorfromantik a 2023, Sky Team a 2024.

Kafin in rufe, ina da magana da wasu masoya waɗanda yabonsu ya fi zagi cutarwa. Su ne masu cewa irin wannan wasa darasin zaman lafiya ne, yana koya wa yara cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har su kamanta shi da gayya. Kamancen bai cika ba. A gayya kowa noma yake yi, kuyya ɗaya, kiɗa ɗaya, ba a tsayawa shawara. A nan kuwa kowa da irin ƙarfinsa, kuma gardama ita ce naman wasan. Teburin da ba a yi musu a kansa ba, ko dai wani ya ƙwace shi, ko ba a gane haɗarin ba. Ranar da aka mai da wasan nan wa'azi, aka ce wa yara su buga don su gyara hali, ranar zai mutu a hannunsu. Yara na komawa gare shi ne don suna son su tsere da taska huɗu ruwa na bin dugadugansu. In sun koyi sauraro a hanya, ribar ƙafa ce.

Zan kuma amsa abin da yake gaskiya. Wasan yana da iyaka. Waɗanda suka buga shi sau da yawa tare sukan gano tsarin da ke aiki, har mataki na ƙasa ya daina ba su tsoro. Wani lokaci sa'a na yanke hukunci tun da wuri ba laifin kowa. Leacock da kansa ya fitar da Forbidden Desert a 2013 ga masu neman abin da ya fi tsauri. Amma cewa abu na da iyaka magana ce daban da cewa fanko ne. Rijiyar da ba ta kai gaba ashirin ba tana shayar da unguwa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne, a ƙarƙashin gardamar nauyi da sauƙi akwai wata tambaya: wa aka yarda ya zauna? Wasan da dokarsa ta cika littafi yana da mai gadi a ƙofa. Sai wanda ya iya harshen littafin, yake da yinin da zai kashe, kuma ba a kiransa ɗebo ruwa ko duba tukunya. Wasan da ake koyarwa da baki cikin minti biyar, wanda hotuna ke faɗin kusan kome a cikinsa, yana ba kaka wuri kusa da jika, yana ba uwar gida rabin awa tsakanin la'asar da girki, kuma da zarar sun zauna muryarsu na da nauyi daidai da ta malami, tunda in ɗansu ya nutse kowa ya nutse. Ina zargin cewa wasu masu kiran wasan nan na yara, abin da ke ci musu rai shi ne babu ƙofar da za su tsare.

Aminina ya dawo bayan kwana biyu, ya ce a ɗora ma'auni a mataki na uku. Ƙuri'a ta ba shi ɗan aike, aikin da ba shi da wani ƙarfi sai bayarwa. Can wasa ya yi nisa, yana ta lissafin yadda zai kai kati na huɗu ga mai taskar teku, sai yarinyar nan ta ce masa katin Masaukin Wawaye na cikin biyun da suka rage a sama, ta ƙirga. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi juji, ya rufe. Ya ɗauki buhun rairayinsa ɗaya tilo ya jefa a kan Masaukin. Katin da aka buɗe na gaba kuwa shi ne. Duk da haka mun faɗi bayan juyi huɗu, taskar wuta ta nutse mana. Shi ne ya fara tattara kwalayen yana cewa a sake.